Daga Tsagar Wanzami zuwa Babbar Waya: Tarihin Shaidar Mutum da Lasin Tuƙi a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kano, ta ratsa Wudil da Birnin Kudu, ta bi ta ƙasar Gwaram ta faɗa Jihar Bauchi, ya san da wuya mota ta kai inda za ta ba a tsai da ita ba. In jami'i ya ɗaga hannu, direba ya ratse gefen titi, tambayoyi biyu ne ke jiransa, ko da ba a furta su a fili ba: wane ne kai, kuma wa ya ba ka iznin riƙe sitiyari? Amsar da aka saba bayarwa ita ce katin da ake zarowa daga aljihu. A 'yan shekarun nan kuwa, a ƙasashe da dama, amsar ta koma cikin wayar hannu, Nijeriya ma ta kama wannan hanya.

Makasudin wannan lacca shi ne a bi sawun waɗannan tambayoyi cikin tarihi, a ga yadda mutanen ƙasar Birnin Kudu da Gwaram suka riƙa amsa su tun kafin zuwan Turawa har ya zuwa yau. Abu biyu tarihin zai nuna. Na farko, kusan kowace shaida masu mulki ne ke kawo ta don biyan bukatar mulki, sa'an nan daga baya ta zama abin da talaka ba ya iya motsi sai da shi. Na biyu, babu wata sabuwar shaida da ta taɓa tsayawa da ƙafafunta. Kowace tana jingine da wadda ta gabace ta.

Zamanin da fuska da maƙwabta ne shaida

Ƙasar Birnin Kudu tsohon mazauni ce. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, wanda masana suka soma nazari a shekarun 1950, ya isa hujja a kan haka. Amma ko sunan mutum ɗaya daga cikin masu zanen bai iso wannan zamani ba, domin a da sanin mutum a bakin jama'arsa yake, in sun shuɗe ya shuɗe tare da su. A garin da kowa ya san kowa, sunan mutum da na ubansa da unguwarsu da sana'ar gidansu sun wadatar. Tambayar "ɗan gidan wane ne?" ita ce dukan bincike.

Wanda zai fita garinsu kuwa, yana ɗauke da shaidarsa a fuska. Wanzami kan yi wa jariri tsagar gidansu, galibi a kwanakin suna, ta yadda mai ido zai bambance Bagobiri da Babarbare tun kafin su buɗe baki. Akwai tsagar gado mai nuna asali, akwai kuma ta ado ko ta magani, da sunaye irin su bille da kalangu da 'yar baka. Amfanin tsagar gado ya fi fitowa a zamanin yaƙi. A rabin ƙarni na 19 na biyu, Ningawa sun yawaita kai hari kudu maso gabashin ƙasar Kano, inda Birnin Kudu da Gwaram suke, ana kama mutane ana tafiya da su. Yaron da aka kama yana ƙarami zai iya mance sunan garinsu, har ma ya mance harshensa, amma tsagarsa ba ta gogewa, da ita dangi kan gane nasu in an zo fansa. Sai dai tsaga jama'ar mutum take nunawa, ba ta ware shi shi kaɗai daga cikin 'yan'uwansa ba.

Don haka baƙo na bukatar wanda zai tsaya masa. Falke ba ya tafiya sai cikin ayari a ƙarƙashin madugu, in ya isa gari kuma ya sauka wurin fatoma, wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma lamunce shi in an ba shi bashi. Mai unguwa yana sane da baƙon da ya kwana a unguwarsa. A gaban alƙali, shari'a ta tanadi shaidu biyu adalai, in kuwa alƙali bai san su ba, sai a nemo mutanen kirki su yi musu tazkiyya, watau su tabbatar da cewa maganarsu abar karɓa ce. Takarda ta shigo ne a sama kawai: wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da Kano da sauran sarakuna suna ɗauke da hatimi, wanda ke tabbatar wa mai karɓa daga inda suka fito. Talaka bai san wannan ba. Shaidarsa mutane ne.

Zamanin takardar haraji

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. Mulkin da suka kafa yana bukatar kuɗi, kuɗin kuma daga haraji da jangali za su fito, haraji kuwa ba ya karɓuwa sai an san yawan masu biya da inda suke. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta haɗe harajin da iri-iri ya zama kusan guda, aka tura hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, aka kafa Baitulmali, aka ɗauki malaman haraji suna bi gari-gari suna rubuta sunayen magidanta da samarin da suka isa biya. A karo na farko sunan talakan karkara ya shiga littafin hukuma.

Wanda ya biya sai a yanka masa rasit. Wannan 'yar takarda an yi ta ne don lissafin En'e, amma ba a jima ba ta zama shaidar matafiyi. Ɗan cirani da ya bar ƙauyensu bayan kaka ya nufi Kano ko Jos neman kuɗi, yakan ninke takardar harajinsa ya adana ta kamar laya, domin in dogari ko ɗan doka ya tare shi babu ita, zai iya sake biya ko ya kwana a tsare. Takardar ba ta da hoto, sunaye kuma suna maimaita juna, saboda haka aron ta ba wuya. Duk da haka ta koya wa jama'a wani sabon darasi, cewa maganar maƙwabci ba ta isa ba sai da takarda. Ta kuma ware mata gefe, da yake ba a rubuta su cikin masu biya. Wannan giɓi ya daɗe bai cike ba.

Haraji da jangali sun ci gaba har bayan samun mulkin kai a 1960. A 1979 ne gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar Jihar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991. Talakawa sun yi murna, da gaskiyarsu, amma tare da harajin ita ma 'yar shaidar da ke aljihunsu ta tafi.

Mota da lasin

Lasin tuƙi shaida ce ta wani jinsi daban. Bayan faɗin sunan mai shi, yana kuma cewa hukuma ta yarda ya iya wani aiki mai hatsari ga rayukan jama'a. Birnin Faris ya soma neman takardar ƙwarewa daga direbobi a 1893. A Ingila dokar mota ta 1903, shekarar da aka ci Kano, ita ta kawo lasin, ko da yake ba a wajabta jarrabawar tuƙi ba sai a 1935. A Nijeriya an yi dokar zirga-zirgar motoci ta farko a Kudu a 1913, ta game ƙasa duka a 1916, aka kuma sake sabuwa wadda ta soma aiki a 1949.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan motoci suka soma maye gurbin jakuna da raƙuma wajen kwaso amfanin gona daga gundumomi zuwa bakin dogo. Da haka aka sami sabuwar sana'a mai nata tsarin koyo. Yaro kan fara da wankin mota da sa wejin taya da lodi, ya shekara da shekaru yana bin maigidansa, kafin a bar shi ya juya mota a tasha, daga bisani a kai shi gwaji. Ranar da ya karɓi ɗan littafin lasin mai hotonsa, ya tashi daga yaron mota ya zama direba. Ga mutane da yawa a karkara, lasin ne takardar hukuma ta farko mai ɗauke da fuskar mai ita. Amma a lura, maigidan da ya koya masa shi ne ainihin mai yi masa tazkiyya; hukuma hatimi kawai ta buga.

Shekarun 1970 sun jijjiga wannan tsari. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika tituna da motoci da babura, haɗurra suka yawaita. Kowace jiha tana ba da nata lasin, ba wadda ta san abin da ke littafin 'yar'uwarta, saboda haka wanda aka karɓe wa lasin a nan sai ya tsallaka can ya yanki wani. A Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, ba da daɗewa ba kuma aka fito da lasin bai ɗaya ga ƙasa duka. A 2011 aka ƙaddamar da sabon lasin da ake ɗaukar hoton mai shi da zanen yatsunsa a na'ura. Hannu uku ne ke cikin aikin: jami'an VIO su gwada direba, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ta karɓi kuɗi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ɗauki bayanai ta buga kati. Daga wannan lokaci katin da ke aljihu ya zama kwafe. Ainihin lasin yana cikin rumbun bayanai na kwamfuta, inda ake iya binciken lambarsa daga nesa.

Doguwar tafiyar katin ɗan ƙasa

Direbobi kaɗan ne cikin jama'a. Sauran kuma fa? Tun ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin soja ta kafa sashen rajistar 'yan ƙasa, amma aikin ya yi ta cin kuɗi babu kati. A 2001 aka ba wani kamfanin Faransa kwangila ta sama da dala miliyan 200, aka yi rajista a 2003, aka rubuta mutane wajen miliyan 52, amma miliyoyi daga cikinsu ba su sami kati ba, kafin shekarar ta ƙare kuma aka gurfanar da manyan jami'ai a kotu bisa zargin cin hanci. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, wadda ta sauya dabara: maimakon a dogara da kati, sai a ba kowane mutum lamba mai alƙaluma 11, watau NIN, wadda aka ɗaure da zanen yatsunsa goma da fuskarsa, ba ta canzawa har mutuwa. An soma bayar da ita a 2012.

Da farko jama'a ba su damu da ita ba. Abin da ya sa suka damu shi ne waya. Layukan salula sun soma aiki a Agustan 2001, cikin shekara ashirin kuma suka kai kusan kowace kasuwar ƙauye. A Disamban 2020 gwamnati ta ba da umurnin a haɗa kowane layi da lambar NIN, a daidai wannan lokaci aka wajabta ta ga mai neman lasin tuƙi, a 2021 kuma ga ɗalibi mai neman rubuta jarrabawar JAMB. Ran 4 ga Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba. Nan da nan cibiyoyin rajista suka cika maƙil. A 2023 yawan masu lambar ya haura miliyan 100. Dalilin gwamnati tsaro ne, amma kamar yadda ya faru da takardar haraji, lambar ta zama mabuɗin waya da banki da makaranta da fasfo.

Shaida ta shiga waya

Da zarar ainihin shaida ya koma rumbun bayanai, kati ba dole ba ne. Duk abin da zai iya nuna bayanin ya kuma tabbatar da shi ya wadatar. Ƙasar Indiya ta buɗe ma'ajiyar takardu ta DigiLocker a 2015, a 2018 kuma aka umurci jami'an hanya su karɓi lasin da aka nuna a cikinta. Jihar Luwiziyana ta Amurka ta fito da lasin waya a 2018. A 2021 aka amince da ƙa'idar duniya ta yadda za a gina irin wannan lasin, a 2022 Jihar Arizona ta sa nata cikin wayoyin Apple, Koriya ta Kudu ma ta fara nata a wannan shekara. A 2024 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta wajabta wa ƙasashenta su tanadar wa jama'arsu jakar shaida ta waya.

Ya kamata a bambance wannan da hoton kati da mutum ya ɗauka da wayarsa. Hoto ana iya gyara shi. Lasin waya na gaskiya bayani ne da hukumar da ta bayar ta sa wa hatimin lissafi, wanda na'urar jami'i ke dubawa, in an canza ko harafi ɗaya sai hatimin ya ƙi dacewa. Aikin hatimin sarakunan da ke nan, a sabuwar siga. Yana da wata fa'ida kuma da kati ba shi da ita: mai shi na iya nuna abin da ake bukata kaɗai, alal misali cewa ya haura shekara 18, ba tare da ya bayyana adireshinsa ba. A Nijeriya hukumar NIMC ta fito da manhajar shaida ta waya a 2020, a 2022 ta kawo lambar wucin gadi mai haruffa da alƙaluma 16, wadda ke mutuwa bayan awa 72, domin mutum ya daina miƙa lambarsa ta ainihi ga kowa, a 2025 kuma ta ƙaddamar da manhajar NINAuth, wadda ke neman yardar mai lamba kafin a duba bayanansa.

Riba da hatsari a Birnin Kudu da Gwaram

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu mutane sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, mafi yawansu manoma da makiyaya. Ribar sabon tsari gare su a fili take. Takarda gara na cin ta, gobara da ambaliya na tafiya da ita, amma lamba tana nan. Wanda ya mance tasa zai iya samo ta ko da ƙaramar waya, in ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi. Direban da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Sara zai huta da fargabar ɓatan kati, jami'i kuma zai iya gane lasin jabu nan take, abin da ke nufin ragin direbobin da ba su taɓa zuwa gwaji ba.

Hatsarin ma a fili yake. Binciken talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Jigawa cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu. Babbar waya kuɗi ce, cajinta kuɗi ne, data kuɗi ce. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida. In shaida ta koma cikin waya, ta matar gida ta koma aljihun wani, giɓin zamanin haraji ya dawo ke nan. Manomin da fartanya ta cinye masa zanen yatsu, da matar da ta sa lalle, na'ura kan ƙi karanta hannunsu. Bafulatanin da ke ruga da almajirin da ke nesa da iyayensa ba su cika kusantar cibiyar rajista ba. Har ila yau, shaidar waya tana rayuwa ne da wuta da sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da sassan maƙwabtanta na tsawon makonni saboda tsaro. Wanda duk shaidarsa ke bukatar sabis, a irin wannan rana ba shi da abin nunawa.

Akwai kuma batun amana. Mai unguwa ya san mutum, amma shi ma mutum ya san shi, ya san ƙofar gidansa, in ya yi masa ƙarya zai kai ƙara gun dagaci. Rumbun bayanai ya san mutum, shi kuwa bai san wanda ke leƙa shi ba. Kuskuren harafi ɗaya a suna, ko saɓanin ranar haihuwa tsakanin takardar makaranta da ta NIN, na iya hana ɗalibi jarrabawa ko tsoho fansho, gyaransa kuma sai da kuɗi da zirga-zirga. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin sanin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara, amma doka ba ta amfanin wanda bai san da ita ba.

Kammalawa

In aka bi kowace lamba zuwa tushenta, za a tarar da mutum. Wanda aka haifa a gida ba a yi masa rajistar haihuwa ba, sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, ko wani babba nasa ya yi masa. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma kan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin ta isa sakatariya. A kan irin waɗannan takardu ake gina lambar da lasin da manhaja ke dogara da ita. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, an soke haraji a 1979, amma tazkiyya tana nan, sunanta kawai aka sauya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka nauyi biyu ne ya hau kan masu ilmi. Ma'aikacin da ke rubuta sunan mutum a na'ura ya sani cewa abin da ya shigar zai bi mai shi har kabari; ya tambaya sau biyu, ya karanta masa da Hausa kafin ya tura. Masu tsara manufa kuma su bar ƙofar kati da takarda a buɗe muddin akwai wanda ba shi da babbar waya, su kai na'urar rajista kasuwanni da rugage da tsangayu, su ƙarfafa rajistar haihuwa ta hannun masu unguwanni da ungozomomi. Ɗalibai kuwa, waɗanda su ne masu karanta wa iyayensu saƙon waya, su koya musu kada su miƙa lambarsu ga wanda ba su sani ba. Ba yawan lambobin da aka bayar ne ma'aunin nasarar wannan tsari ba. Ma'auninsa shi ne ko tsohuwar da ke wani ƙauyen Gwaram, wadda ba ta da waya ba ta kuma karatun boko, za ta iya tabbatar wa hukuma ko ita wace ce ranar da ta bukaci haƙƙinta.